Bizar aure, bizar baiko ko ta ziyara: wace ƙofa amarya za ta bi zuwa Birtaniya?

Kafin a yi maganar lefe, kafin ma a sa rana, akwai tambayar da ya kamata waliyyin yarinya ya yi wa mai neman aure da ke zaune a Birtaniya: da wace takarda kake zaune a ƙasar? Mutanenmu suna jin nauyin wannan tambaya, sai su ga kamar cin fuska ne ga surukin gobe. Amma amsarta ce ke nuna ko amarya za ta tare cikin 'yan watanni, ko kuwa za ta shekara uku a ɗakin mahaifiyarta tana aure ta waya. "Ai yana Landan" ba amsa ba ce. Mutum huɗu na iya zama a layi ɗaya a Landan, suna sallar Juma'a a masallaci ɗaya, amma ɗaya na da ikon kawo matarsa bana, na biyu sai ya cika sharaɗin kuɗi, na uku an rufe masa ƙofa, na huɗu ko shi kansa ba shi da tabbacin kwana a ƙasar gobe.

Waɗanda aka rufe wa ƙofa suna da yawa cikin matasanmu da suka tafi a 'yan shekarun nan. Tun daga 1 ga Janairun 2024 ɗalibin da ya je yin digiri na biyu irin na shiga aji ba ya iya kawo iyali, sai mai digirin digirgir ko karatun bincike, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa. Wanda ya gama karatu ya karɓi bizar nan ta zaman neman aiki bayan kammalawa shi ma ba zai yi sabon aure a gida ya ɗauko amarya a kanta ba, sai dai matar da dama tana tare da shi tun yana ɗalibi. Masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya kuwa, duk wanda ya shiga wannan layi daga 11 ga Maris na 2024 an hana shi kawo mata da 'ya'ya. Idan mai neman auren yana cikin waɗannan, ba maganar zaɓen biza ake ba tukuna. Maganar ita ce ko yarinya da iyayenta sun yarda da jira har ya canja takarda, kuma gara a faɗi wannan ɓaro-ɓaro tun kafin a karɓi sadaki.

Sauran mutane biyun su ne abin kwatantawa. Akwai wanda ya zama ɗan ƙasa ko yake da takardar zaman dindindin da ake kira ILR. Akwai kuma ƙwararren ma'aikaci, likita, nas, injiniya ko malamin jami'a, da ke kan bizar aiki wadda kamfani ko asibiti ya tsaya masa. Na farkon shi ne ke da zaɓi tsakanin bizar aure da bizar baiko, don haka da shi za mu fara. Ina cewa amarya ne saboda ita ce ta fi yawan bin miji, amma dokar ɗaya ce idan namiji ne zai je wajen matarsa.

Bizar aure ita ce a ɗaura aure a gida, a Kano ko Zariya ko Katsina, sannan matar ta nemi biza a matsayinta na matar aure. Idan ta samu, ana ba ta wata 33. Ranar da ta sauka tana da ikon yin aiki, yin karatu, buɗe asusun banki, da zuwa asibitin gwamnati na NHS ba tare da an miƙo mata takardar biyan kuɗi ba. Kafin wa'adin ya ƙare ta sabunta na wata 30, idan ta cika shekara 5 ta nemi ILR.

Bizar baiko kuwa ta wata 6 ce kacal, ana ba da ita ne don a je can a yi aure. A cikin watannin nan ba aiki, ba karatu. Ganin likitan unguwa da zuwa sashen gaggawa kyauta ne, amma idan aka kwantar da ita a asibiti za a caje ta kamar baƙuwa. Auren kuma dole ya zama wanda hukumar ƙasar ta sani. A Ingila sai an je ofishin rajista an ba da sanarwa, a jira kwana 28, kuma Ma'aikatar Cikin Gida na iya tsawaita jiran zuwa kwana 70 idan ta ga tana son bincike. Ɗaurin auren da liman ya yi a falo ko a masallacin da ba shi da rajistar aure, ko da an raba dabino an yi walima, a idon dokar Ingila ba aure ba ne. Bayan an yi na hukuma sai ta sake cike wata takardar daga cikin ƙasar, ta sake biyan kuɗi, a ba ta wata 30. Wata shidan farko ba sa shiga lissafin shekara biyar.

Ta fuskar kuɗi, ga yadda farashin ya kasance a Afrilun 2025, kuma a tuna kusan duk shekara sai sun taɓa shi. Kuɗin neman biza daga waje fam 1,938 ne, ko ta aure ko ta baiko. Mai bizar aure za ta haɗa da kuɗin lafiya, fam 1,035 a kowace shekara, wanda ake karɓa na shekara uku gaba ɗaya, fam 3,105 ke nan. Jimla ta haura fam 5,000 tun ba a sayi tikitin jirgi ba. Mai bizar baiko ba ta biyan kuɗin lafiya da farko, shi ya sa wasu ke ganin kamar ta fi sauƙi. Sai dai kafin wata shida su cika za ta biya fam 1,321 na sabuwar takarda da kusan fam 2,600 na lafiya, kuma za ta sake biyan irin wannan bayan shekara biyu da rabi. Idan aka tattara duka har zuwa ƙofar ILR, hanyar baiko ta fi tsada da kimanin fam 800, ta fi tsawo da wata shida, ga asarar albashin da amarya za ta iya samu a lokacin. Ita kanta ILR ɗin fam 3,029 ce.

Ni a ganina, ga mafi yawan Hausawa babu ma abin dogon tunani a nan: a ɗaura aure a gida a nemi bizar aure. Wane uba ne zai sa 'yarsa a jirgi ta tafi wajen namiji ba a shafa fatiha ba? Abin da kan faru shi ne a ɗaura auren a gida a asirce don hankalin iyaye ya kwanta, sannan a je a cike takarda a ce baiko ne kawai. Wannan kuskure ne babba. Auren Musulunci da aka ɗaura a Najeriya halattaccen aure ne a dokar Najeriya, kuma ƙa'idar Birtaniya ita ce ta amince da auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi. Wato ita matar aure ce, ta rubuta cewa ba ta da aure. In aka gano, ƙarya ce a takardar biza, kuma yaudara na iya jawo a hana mutum shiga ƙasar har shekara 10. Inda bizar baiko ke da amfani shi ne idan wanda ke can ba zai iya zuwa Najeriya ba, ko kuma idan namiji ne zai je auren yarinyar da iyayenta da danginta duk suna can, waliyyi yana can, bikin ma can za a yi.

Akwai wurare uku da al'adarmu ke karo da dokarsu, kuma nan ne takardu suka fi maƙalewa.

Na farko, wakilci. A wajenmu ango na iya kasancewa a Manchesta a ɗaura masa aure a Fagge, wakilinsa ya karɓa, kuma aure ya ɗauru. Birtaniya ba ta ƙi wannan ba in dai ya halatta a inda aka yi, amma tana da sharaɗi dabam: dole ma'auratan su taɓa haɗuwa ido da ido. Hira ta bidiyo, ko da ta shekara biyu ce, ba ta wadatar. Auren da iyaye suka haɗa ba laifi ba ne a wajensu, matuƙar da yardar su biyun kuma kowa ya kai shekara 18, amma ango ya zo, a gan su tare, a ajiye hotuna da tikitin jirginsa da hatimin shigowa a fasfo. Kunyar nan ta amarya da ba ta son a ɗauke ta hoto kusa da miji a gaban manya, a ɗan ajiye ta gefe ranar.

Na biyu, takardar aure. Da yawa ana watsewa daga wajen ɗaurin aure ba wanda ya tuna da ita. A nema tun da wuri daga inda aka ɗaura ko daga hukumar da ke bayarwa a garin, sunaye su yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Idan Aisha ce a fasfo kada ta zama A'ishatu a takardar aure, Muhammad kada ya koma Mohammed. In da Hausa ko Larabci aka rubuta, sai an haɗa da fassarar Turanci ta ƙwararren mai fassara da sa hannunsa. Wasu kan ce a je a yi auren rajista na gwamnatin tarayya don takardarsa ta fi ƙarfi. Ba dole ba ne, kuma mai yi ya sani cewa auren rajista a dokar Najeriya na mace ɗaya ne, ba a ƙara wata a kansa.

Na uku shi ne wanda ba a son faɗa a gaban amarya. Idan mutum yana da uwargida da ta taɓa zama da shi a Birtaniya a matsayin matarsa, kuma auren na nan, ta biyu ba za ta samu bizar aure ba, tun dokar 1988 haka abin yake. Duk wanda ya ce miki "za a san yadda za a yi", yana nufin ko dai saki a takarda, ko ki shiga da wata biza ki zauna ba matsayi. Dukansu ke za su ci.

Sai sharaɗin kuɗi, wanda ya shafi bizar aure da ta baiko duka. Daga 2012 ana neman miji ya nuna yana samun fam 18,600 a shekara. Ranar 11 ga Afrilun 2024 aka ɗaga zuwa fam 29,000. Ga mai albashi abin a fili yake: wata 6 a wajen aiki ɗaya, takardun albashi na watannin, bayanan banki da ke nuna shigar kuɗin, da wasiƙar wajen aiki, kuma takarda ta ƙarshe kada ta wuce kwana 28 da fitowa ranar da aka tura buƙata. Mai tuƙa tasi ko kai saƙon abinci, wanda yake aikin kansa, shi takardun harajinsa na shekara guda cur za a duba. Kuɗin da ake biyan mutum a hannu, wanda ba ya shiga banki kuma ba a biyan harajinsa, ko nawa ne bai da amfani a nan. Albashin amarya na Najeriya ma ba a lissafa shi a karon farko, amma lokacin sabuntawa ana haɗa na su biyun. Idan albashi bai kai ba ana iya cikawa da ajiya, in kuwa ajiya kaɗai za a nuna, fam 88,500 ne, kuma sai ta yi wata 6 a asusu. Kyauta daga iyaye ta halatta, rance bai halatta ba. Kuɗin da aboki ya zuba a asusu sati biyu kafin a tura takarda, jami'in da ke dubawa ya ga irinsa sau dubu.

Nata ɓangaren bai da wuya. Gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, irin na hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja ko Legas, takardar tana aiki wata 6. Sai jarrabawar Turanci ta matakin farko, wato A1, magana da saurare kawai, ba rubutu. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka yafe wa, don haka sakamakon WAEC ba ya tsayawa a madadinta, amma mai digirin da aka koyar da Turanci na iya tantance shi ta Ecctis, hukumar da ke tantance takardun karatu na waje. Amsa kan fito cikin mako 12 idan takardu sun cika. Shawarata kada ta tsaya a A1, domin sabuntawa na buƙatar A2, ILR kuma B1 da jarrabawar sanin rayuwar ƙasar mai tambaya 24. Watannin jiran nan a gida, maimakon a ƙare su a gyaran jiki kaɗai, a shiga ajin Turanci.

To, bizar ziyara fa? A farashin Afrilun 2025 fam 127 ce, wata 6, kuma kullum akwai mai ba da shawarar "ki shigo kawai, in kin zo ma gyara". Ba a gyarawa. Mai bizar ziyara ba ta da ikon juya ta zuwa ta aure daga cikin ƙasar, sai ta koma gida ta nema. Ba ta aiki, ba a ɗaura mata auren hukuma a kanta, kuma idan ta haihu a asibiti za a caje ta ninki ɗaya da rabi na kuɗin aikin. Bashin NHS da ya kai fam 500 ba a biya ba na iya sa a hana ta biza nan gaba. Wahalar samunta ma daban: matashiya sabuwar aure, miji na can, ba aiki ko dukiya da za su dawo da ita gida, ita ce ainihin wadda jami'i ke zargin ba za ta dawo ba. Amfanin bizar ziyara ɗaya ne, ga matar da ke da aikinta ko kasuwancinta a gida, ba ta da niyyar ƙaura, tana so ta riƙa zuwa hutu tana komawa. Wannan ma zaɓi ne na mutunci, kuma akwai gidajen da ya fi musu.

Matar ƙwararren ma'aikaci tata hanyar ta fi sauƙin shiga. Ba sharaɗin fam 29,000, ba jarrabawar Turanci a matakin farko kamar yadda tsarin ya daɗe yana tafiya, abin da ake nema a nuna na ciyarwa fam 285 ne saboda ita, 315 saboda ɗan fari, 200 kowane yaro bayansa. Tana biyan kuɗin biza da na lafiya, sai dai in mijin yana kan bizar ma'aikatan lafiya, su an yafe musu na lafiyar. Tana da ikon yin kusan kowane aiki, har ta fi mijin sakewa, tunda shi a ɗaure yake da wanda ya tsaya masa. Amma zamanta rataye yake da nasa. Idan aiki ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba su ya sami wani mai tsaya masa ko su tattara. A Mayun 2025 kuma gwamnati ta fito da shawarar tsawaita jiran zaman dindindin na ma'aikata daga shekara 5 zuwa 10, don haka mai wannan layi ya duba inda maganar ta kwana kafin ya yi wa iyayen yarinya alkawarin shekaru.

Bambancin da ya fi muhimmanci tsakanin matan nan biyu ba ya fitowa sai zama ya ɓaci. Matar ɗan ƙasa ko mai ILR, idan mijin ya rasu, ko auren ya mutu saboda duka da cin zarafi, tana da ikon neman zaman dindindin da kanta ba sai ta cika shekara biyar ba. Matar ma'aikaci ba ta da wannan, abin da za ta iya samu ɗan taimako ne na wata 3 ta tsara inda za ta dosa. Ba fatan tsiya nake yi wa kowa ba, amma "zan sa a mayar da ke gida" barazana ce da wasu maza ke riƙe mata da ita shekara da shekaru, kuma rashin sani ne ke ba ta ƙarfi. Yanzu da aka daina katin zama aka koma biza ta intanet, ki tabbata asusun da bizarki ke ciki da imel ɗinki da lambar wayarki aka buɗe shi, fasfonki kuma yana hannunki.

Haihuwa ma tana da lissafi. Idan uban yana da ILR amma bai zama ɗan ƙasa ba, yaron da aka haifa a Birtaniya ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa, wanda aka haifa a Kano kuwa sai an nema masa biza da kuɗinta. 'Ya'yan ma'aikaci ko ɗalibi, haihuwa a can ba ta ba su fasfon ƙasar, ba kamar yadda aka saba ji game da Amurka ba. Don haka al'adar komawa gida haihuwar fari tana da farashi ga wasu, ga wasu babu. Wadda ta zaɓi haihuwa a can kuma ta san cewa Hajiya sai da bizar ziyara za ta zo, ana iya ba ta ana iya hana ta. Mai jego da yawa ita da miji kaɗai suke yi, shi ke dama kunu kafin ya fita aiki, ruwan zafi na famfon bayi ne, ranar suna mutum goma ne a falo sauran dangi suna kallo ta waya.

Wannan shirun shi ne abin da ba ya cikin kowace takarda. Yarinyar da ta tashi a gidan da ba a rufe ƙofa, maƙwabta na shigowa aron turmi, yara na sallama ana aikensu, sai ta sami kanta a ɗaki ɗaya ko biyu a hawa na uku, miji ya fita tun da duhu ya dawo da duhu. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba a Landan, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu. A Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare. In da hali, a tsara tarewa tsakanin Afrilu da Yuli, ta koyi hanyar kasuwa da bas da masallaci da rana a sama kafin sanyi ya kulle ta. A nan ma bizar aure ta fi ta baiko nesa ba kusa ba, domin ikon fita aiki ko shiga kwaleji tun makon farko shi ne babban maganin kaɗaici. Kuma ana buƙatar kuɗin: duk bizojin nan suna ɗauke da sharaɗin ba ta da rabo a tallafin gwamnati, ba kuɗin marasa aiki, ba gidan ƙaramar hukuma, ga haya, ga harajin gida, ga kuɗin ɗumama ɗaki.

Garin da miji yake ma abin tambaya ne. A Landan, Manchesta ko Bamingham naman halal da masallaci da shagunan kayan Afirka ba sa wuya, a unguwar Peckham ta Landan har doya da manja za ki tarar. Ƙaramin gari a arewacin Ingila ko Sikotilan, inda asibiti ya tura likita ko nas, wani labari ne, ana iya yin wata ba a ji mai Hausa ba. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji da kanwa a zo da su daga gida. Kilishi, dambun nama da man shanu kuwa a bar su, doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe. Mai tuƙi za ta iya amfani da lasisin Najeriya na wata 12 kawai, ba a musanya shi, sai ta zauna jarrabawarsu ta rubutu da ta titi, kuma layin samun rana yana da tsawo, gara ta yi rajista tun watannin farko.